Dutsen Awo

Kawuna Jatau, mai sikelin auduga a Gidar,
ba ya taɓa buhun kowa da safe
sai ya fara ɗora dutsensa,
baƙin ƙarfe mai kilo ashirin
da yake naɗewa a tsumma kamar jinjiri.
Manoma na layi, rana na hawa, ana tsaki.
Ya ce: ku dakata in tambayi sikeli
ko ya kwana da gaskiya.

Yau ga ni a Marwa, ƙarfe biyun dare,
janareton maƙwabta ya yi shiru,
batirin kwamfuta saura kashi talatin.
Daga kan wani tsauni a hayin teku
an aiko mini hasken tauraro guda,
an tsefe shi sili-sili,
ja a wannan gefe, shuɗi a wancan,
da siraran layuka baƙaƙe a tsakani
kamar tsagar gado a kuncin tsohuwa.

Duniyar da nake nema ba ta ganuwa.
Uwarta nake kallo.
Mai goyo in ta tsallaka yashin Mayo Kaliyaw da dare
da fitila a hannu,
ba ka ganin ɗan,
amma rangajin fitilar zai gaya maka akwai nauyi a baya.
Haka tauraro: in duniya na kewaya shi
sai ya ɗan matso, ya ɗan ja da baya,
layukan su jirkita wajen shuɗi, su koma wajen ja,
yadda kukan babur ke sirancewa in ya nufo ka,
ya yi kauri in ya wuce.

Nawa ne motsin?
Rabin taƙi a daƙiƙa, ko ma bai kai ba.
Kunkuru zai wuce shi har ya waiwayo.

Shi ya sa aka rufe na'urar a akwatin ƙarfe,
aka zuƙe iskar ciki,
aka hana zafi hawa, aka hana shi sauka,
don ƙarfe ma yana miƙa in ya ji ɗumi.
Kuma kafin a tambayi tauraro
sai an kunna wata fitila a ciki
wadda aka san mazaunin kowane layinta.
Ita ce dutsenmu.

A watan da aka yi shuka na ga abin.
Hawa da sauka, hawa da sauka, a kan lokaci.
Kwana tara ban ci tuwo da daɗi ba.
Har na raɗa mata suna a zuci,
na ba ta kogi, na ba ta gajimare,
na ba ta wata yarinya da ke kallon sama
tana neman mu.

Sai na ji tsakin manoman Gidar,
da muryar da ba ta kula su ba.
Na koma kan fitilar.
Ashe ita ce ta tsufa.
Layukanta sun gusa, kaɗan ƙwarai,
kuma duk inda suka gusa
can duniyata ta bi su.
Ba goyo ba ne, hannun mai riƙon ne ke rawa.

Na goge ta da yatsa ɗaya.
Kogin ya tafi, yarinyar ta tafi.

Da asuba na kira Kawu.
Ido ya tafi, amma kunne na nan.
Ya saurara har na gama, ya ce:
Tabawa, nawa kika cuci mutane?
Na ce ko ɗaya, ban kai ga faɗa wa kowa ba.
Ya ce: to ai kin yi ciniki.

Duniya irin tamu shekara take ɗauka ta kewayo,
kuma shaida ɗaya ba ta isa.
Sai na jira uku, wataƙila goma.
An kawo wuta. Na jona caji,
na ɗora ruwan shayi,
na buɗe awon daren jiya.
Tauraro na layi, yana jira.
Na fara da dutse.